Shawara Ɗaukar Ɗaki, Amma Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne wata tambaya da wani ƙanina a unguwa ya yi mini a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Ya gama bautar ƙasa, hanyoyi biyu sun buɗe masa, kuma ya nemi shawarar mutum ya kai goma. Sai ya ce mini, "Yaya, wallahi kaina ya ɗaure. Duk wanda na tambaya amsarsa daban, kuma kowannensu in yana magana sai in ga kamar shi ne mai gaskiya. Yanzu ni wa zan bi?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci. Da na koma gida sai na ga ba ni da wata amsa da ta wuce in ba shi labarin kaina, inda na dace da inda na yi kuskure. Shi ne na ga ya kamata in rubuta, ko Allah Zai sa wani ma ya amfana.

Na kammala digirina na farko a fannin akanta a Jami'ar Bayero ta Kano a 2011. Na yi bautar ƙasa a wani ƙauye a Jihar Ekiti, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, ana biyanmu alawus na naira 19,800 a wata. Na dawo gida a tsakiyar 2013 da takardar shaidar gama hidima, da 'yan kuɗin da na tara, da kuma yaƙinin cewa nan da wata uku zan riƙa fita ofis da safe. Wata uku suka zama shida, shida suka zama shekara. Wanda ya yi irin wannan zaman ya san shi: da safe ka tafi shagon intanet ka cike fom, ka yi ta yin hoton takardunka har mai injin ya haddace sunanka, da yamma ka dawo majalisa gindin dalbejiya kuna musayar labarin inda aka ce za a ɗauki ma'aikata. Abin da ya fi rashin kuɗin ciwo a wurina shi ne lokacin da Umma za ta tura ƙanwata ta miƙo mini kuɗin mota a ɓoye, don kada in sha kunyar tambaya.

Mahaifina, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya yi shekara fiye da 20 yana aiki a wata masana'anta a Bompai. Rashin wutar lantarki da kwararowar kaya masu arha daga waje suka durƙusar da ita, kamar yadda suka durƙusar da wasu da dama a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Tun daga nan ya yanke wa kansa hukunci ɗaya, cewa duk aikin da ba na gwamnati ba zaman haya ne, ko yaushe ana iya cewa ka tashi. "Gwamnati ba ta rufewa," haka yake cewa, "ko ba komai akwai fansho." Sai daga baya na gane cewa duk shawarar da yake ba ni daga wannan tabon take fitowa.

Ranar Asabar 15 ga Maris 2014, hukumar shige da fice ta ƙasa ta gudanar da jarrabawar ɗaukar ma'aikata a filayen wasa a faɗin Nijeriya. Masu nema sun haura 500,000, kowa ya biya naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutane fiye da 10 suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ni ban cike wannan fom ba, domin a makon da ake biya ba ni da dubu ɗayan. A daren ranar na kasa barci, na ɗauki biro na yi ɗan lissafin da ko ɗan firamare zai iya: kowane gurbi ɗaya mutum fiye da 100 ke nemansa. Wannan ne karo na farko da na tambayi kaina, shin layin nan da na shiga, ni na zaɓe shi, ko kuwa na ga jama'a a tsaye ne na bi bayansu?

Bayan ƙaramar sallah ta wannan shekarar sai Kawuna, ƙanin Umma, ya zo gida da fara'a. Ya zauna da Baba a zaure, aka kira ni. Ya ce, "Ɗana, an samu hanya. Akwai gurbi a wata ma'aikata, wani ya yi ritaya, za a cike wurinsa ba tare da an yi shela ba. Sai dai akwai ɗan abin goro da ake bayarwa." Da ya faɗi yawan goron, sai na ga ya fi albashin shekara guda na aikin. Baba bai yi wata-wata ba ya ce zai sayar da ɗan filinsa na bayan gari, wanda shi kaɗai ya rage masa daga wahalar shekara 20.

Ɗan uwa mai karatu, kada ka zaci nan take na miƙe na ce a'a. Na yi kwanaki ina kai-komo. Abokaina na majalisa suka ce, "Kai, kowa haka yake yi, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya." Wani ma ya ce ai malamai sun halatta idan mutum ya matsu. Wannan maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma daɗin da ta yi mini shi ne ya tsorata ni. Sai na je wurin Malamin da ke karantar da mu tsakanin magariba da isha'i, na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga halin da nake ciki." Ya saurare ni har na gama. Ya tunatar da ni hadisin Abdullahi ɗan Amru (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya tsine wa mai ba da rashawa da mai karɓa. Ya ce gaskiya ne wasu malamai sun yi uzuri ga wanda aka danne masa tabbataccen haƙƙinsa, ya rasa yadda zai karɓo shi sai da biya, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Sannan ya dube ni ya ce, "To wannan gurbin, haƙƙinka ne kai kaɗai aka danne maka, ko kuwa na duk wanda ya cancanta ne a cikin dubban da ke nema?" Na yi shiru. Ya ce, "Ka ga ka amsa wa kanka." Ya ƙara da hadisin Wabisa ɗan Ma'abad (RA), wanda ke cikin hadisi na 27 a Arba'una ta Imamu Nawawi, inda aka umarce shi da ya nemi fatawar zuciyarsa, domin alheri yana tare da natsuwa, saɓo kuwa yana tare da kai-komo a ƙirji. Amma ya ja kunnena cewa zuciyar da ake tambaya ita ce wadda ta riga ta san halal da haram, domin son zuciya ma yana iya shigar natsuwa ya yaudari mai shi.

Daren da na gaya wa Baba yana cikin mafiya nauyi a rayuwata. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, ba zan iya karɓar aikin nan ba." Ban karanto masa hadisi ba, don bai dace ɗa ya hau mimbari a gaban mahaifinsa ba. Na dai yi masa lissafi: idan takardar kama aikin ta jabu ce, fili ya tafi, aiki babu, idan ta gaskiya ce, sai na yi fiye da shekara ina aiki kafin in maido abin da aka biya, kuma ko ta yi kyau, ban ga yadda zan ci albashin da kwanciyar hankali ba. Ya daɗe bai ce komai ba, daga bisani ya ce, "Ka fi ni sani ke nan." Mako biyu cur gaisuwa kaɗai yake amsa mini. Kawu ya ce na watsa masa ƙasa a ido. Umma kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta same ni a tsakar gida ta ce, "Yaron nan, in ka tabbata don Allah ka yi, to ka daure. In kuma taurin kai ne, ka je ka ba su haƙuri tun da wuri." Har yau wannan maganar ce sikelin da nake auna kaina da shi.

A nan akwai abin da adalci ya wajabta in faɗa. Wanda ya sayi gurbin bayan na ƙi, ya samu aikin da gaske, har yanzu yana can, an yi masa ƙarin girma, yana da mota. Ban kawo labarin nan don in ce Allah Ya nuna musu iyakarsu ba. Ana auna ingancin hukuncin da mutum ya yanke ne da abin da ya sani a ranar da ya yanke shi, da kuma niyyar da ya yi shi da ita. Abin da zai biyo baya yana hannun Mai shi.

A kakar 2014 wani maƙwabcinmu, Alhaji, mai fataucin riɗi a kasuwar Dawanau, ya roƙe ni in taya shi haɗa lissafin littafinsa saboda yaronsa ya yi tafiya. Na bi shi ne don kawai in rage zaman banza. Ga wanda bai san ta ba, Dawanau tana kan hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ana kawo riɗi daga wurare irin su Jigawa da Nasarawa da Binuwai, a tace shi, a zuba a buhuna, a loda a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can ya wuce ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓo kuma Meziko ce babbar mai sayensa. Na yi shekara 25 a Kano ban san kayan da ake aunawa da tiya a ƙauye suna kaiwa can ba.

Da na buɗe littafin Alhaji sai na ga abin da yake rubutawa biyu ne: nawa ya saya, nawa ya sayar, abin da ke tsakani shi ne riba. Ba ya cire raguwar nauyi bayan an fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, ba ya cire abin da kaya ke ragewa idan sun ƙarasa bushewa a sito, kuɗin dako na lodi da na saukewa da la'adar dillalai da kuɗin buhuna duk a ka yake riƙe su. Na yi mako uku ina zuba alƙaluman a manhajar Excel a kan wata tsohuwar kwamfutata. Sakamakon ya nuna cewa riɗin wata kasuwa da yake gani shi ne mafi arha, shi ne mafi tsada, domin shi ya fi raguwa wajen tacewa. Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Ashe shekara da shekaru ƙasa nake saye da kuɗin riɗi!" A ranar ya ce in zauna tare da shi, zai riƙa biyana a wata. Abin da ya ambata bai fi alawus ɗin bautar ƙasa da yawa ba.

Sai guguwa ta biyu ta taso. A majalisa aka ce mai digiri ya koma yaron kasuwa. Baba ya ce, "Da na san a kasuwa za ka ƙare, ai da tun kana shekara 12 na kai ka Kwari." A wannan karon babu maganar halal da haram da zan jingina da ita, domin jiran aikin gwamnati halal ne, zaman kasuwa ma halal ne. Ra'ayi ne tsagwaronsa, kuma a nan ne mutum ya fi ruɗewa.

Abin da na yi shi ne na ɗauki takarda na jera sunayen duk waɗanda suka ba ni shawara, na yi wa kowane suna tambaya uku. Shin ya san harkar da ake magana a kai? Shin ya san ni, ya san abin da na iya da wanda ban iya ba? Sannan me yake tsoro ko me yake fata da ya sa ya faɗi abin da ya faɗa? Sai na ga waɗanda suka hana ni suna ƙaunata matuƙa, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga siton riɗi. Baba tsoron abin da ya same shi yake yi mini. Abokaina kuwa, wasunsu tsoro suke kada wani ya fita daga layin ya bar su da tambayar da ni ma na yi wa kaina. Daga nan na je na sami mutum biyu da suka daɗe suna aikin takardu wa masu fitar da kaya waje. Dukkansu suka ce abin da kasuwar ta fi ƙaranci shi ne mutumin da ya iya lissafi da takardu kuma ba ya cin amana. Sai kuma abu na ƙarshe wanda babu wanda ya san shi sai ni: a Ekiti kullum ina aji idona na kan agogo, amma a mako ukun nan a sito ban taɓa duba shi ba sai in na ji kiran salla. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma gaskiya suka faɗa, domin jinka ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Su ɗin ne dai suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Addininmu bai bar mu cikin duhu game da wannan ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, wato suna ɗaukar furen namiji suna sa wa mace, ya nuna cewa ko an bari ma zai iya yin kyau. Suka bari, amfanin bai yi kyau ba, sai ya sanar da su cewa su ne suka fi sanin harkar duniyarsu. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubabu ɗan Munzir (RA) ya tambaya ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya kawo shawarar a matsa kusa da ruwa, aka kuma karɓa. Darasin a fili yake: a harkar duniya ana ba maganar masanin harkar nauyi, ko da wanda ya fi shi daraja yana wurin. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana kuma ta jera mana matakan: a yi shawara, sannan a ƙulla azama, sannan a dogara ga Allah. Wanda aka ɗora wa azamar shi ne mai lamarin. A Uhudu ra'ayin Annabi (SAW) shi ne a tsaya a cikin Madina, amma da mafi yawa suka zaɓi fita sai ya shiga ya sa sulkensa, kuma da suka dawo suna nadama ya ƙi cirewa. Ke nan shawara tana da lokacin farawa, tana kuma da lokacin ƙarewa. Game da gorin yaron kasuwa kuwa, ya ishe ni in tuna Abdurrahman ɗan Aufu (RA), wanda Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi wa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa.

Na yi istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir ɗan Abdullahi (RA) a Buhari: raka'a biyu na nafila, sannan addu'ar, mutum ya ambaci buƙatarsa. Ban yi mafarkin komai ba, ban ga fari ko kore ba. Da yawanmu a nan muke tsayawa, muna jiran mafarki, ko mu biya wani ya yi mana ya dawo da labari. Hadisin bai ambaci mafarki ba, kuma mai buƙatar aka koya wa ya yi da kansa. Abin da addu'ar ta ƙunsa shi ne roƙon Allah Ya sauƙaƙe lamarin in alheri ne, Ya kawar da shi in sharri ne, kuma ba za ka ga sauƙi ko cikas a hanyar da ba ka taka ba.

Na koma wurin Baba da wata sabuwar magana. Na roƙe shi ya ba ni wa'adin shekara guda, ni kuma zan ci gaba da neman duk aikin da aka yi shelarsa a fili, in shekara ta cika bai ga alamar ci gaba ba, duk halal ɗin da ya zaɓa mini zan bi. Ya amince, ko da yake ba da fara'a ba. Ina jan hankalin 'yan uwa a kan wannan, domin amincewa da ra'ayinka ba lasisin ɗaga wa iyaye murya ba ne. Tsoronsu yana da tushe, kuma haƙƙinsu ne ka amsa wannan tsoron da ladabi da kuma wani abu da za su iya riƙewa a hannu.

A 2015 jihohi da dama suka kasa biyan albashi na watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki, a 2016 kuma tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya. Wa'adin shekarar ya cika ya wuce, babu wanda ya tayar da maganar. Wata rana sai ga Baba a Dawanau ba sanarwa. Ya zauna a kan buhu yana kallona ina karanta sikeli ina rubutawa, 'yan dako na shige da fice. Da zai tafi ya kama hannun Alhaji ya ce, "Alhaji, amana ce na bar maka." Bai ce da ni komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Bayan shekara huɗu sai wata jarrabawar ta zo, ta kunya. Aikin ya ninka, albashi yana nan inda yake, mu kuwa an tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne. Na daɗe ina jiran Alhaji ya gani da kansa. Abin da ya warware mini shi ne haɗa labari biyu. Annabi Yusufu (AS), a aya ta 55 ta surarsa, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci tsaron amana da sanin aiki a matsayin dalili. Abu Zarri (RA) kuwa da ya nemi muƙami, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa yana da rauni kuma abin amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Bambancin yana wajen sanin gaskiyar kai. Na sami Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da lissafin nan ya tsare maka a shekara huɗu, a rubuce. Ina roƙon a mayar da albashina kaso daga riba, kuma ka yarda in riƙa yi wa wasu lissafi da yamma." Ya yi dariya ya ce ai ya zaci ba zan taɓa tambaya ba. Amma da ya ce in karɓi sayen kaya a kasuwannin ƙauye, na ce masa ban iya ba, domin har yau ba na iya damƙar riɗi in gane ingancinsa kamar yadda yaransa ke yi.

Yanzu sai inda na faɗi, don kada a ce na ba da rabin labari. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin abinci ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. A kakar 2024 na riga na mallaki ɗan sitona. Alƙaluman da na tara na shekara 10 sun nuna mini cewa kusan kullum masarar da aka saya da kaka tana tsada kafin damina ta yi nisa. Sai na zuba jarina duka a masara, har da kuɗin adashin maiɗakina. Wani tsohon dillali da muke kira Baba, wanda bai iya karatun boko ba, ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, bana ka bi a hankali. Kowa ya ga tsadar bara ya noma masara, kowa kuma ya saya ya ɓoye, ga gwamnati ta buɗe ƙofa. Ranar da za a buɗe situna, wa zai saya a hannun wa?" Yana nufin sanarwar watan Yulin 2024, ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150. Na ce masa na gode, a raina kuwa ina cewa me tsoho ya sani game da jadawali. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, na sayar ƙasa da yadda na saya, kusan sulusin jarin ya tafi.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga na karya duk ƙa'idojin da na gina a 2014. A wancan lokacin na ajiye shawarar masu ƙaunata da ba su san kasuwa ba, na ɗauki ta masana. A wannan karon na ajiye ta masanin da ya yi shekara 40 a cikinta, na je ina tambayar waɗanda na san za su ce mini na yi daidai. Ban yi istihara ba, saboda ina ganin lissafi ya riga ya gama magana. Mafi muni, ƙirjina yana kai-komo tun farko, domin a shekarar da jama'a suka fito zanga-zangar yunwa a watan Agusta, ni ina tara abinci ina fatan ya ƙara tsada, alhali na san gargaɗin da ya zo a Muslim game da mai ɓoye kaya. Na ji wannan kai-komon na danne shi da alƙaluma. Abin da na kira amincewa da kai a ranar, girman kai ne da kwaɗayi. Na nemi gafarar Allah, na ba maiɗakina haƙuri, na biya ta kuɗinta a hankali, na kuma je na sami tsohon na ce, "Baba, abin da ka hango ya faru." Ya ce, "Kuɗin makaranta ka biya, Allah Ya mayar da alheri."

To, wannan shi ne abin da na gaya wa ƙanin nan nawa da muka sake haɗuwa. Na ce ya fara cire duk abin da yake haram ko ya yi kama da shi, domin a nan ba a neman ra'ayin kowa sai na malami mai tsoron Allah. Abin da ya rage, ya daina ƙirga yawan masu shawara, ya riƙa auna saninsu, kuma lallai ya nemi mutum ɗaya da ya san harkar wanda yake zaton zai saɓa masa, ya saurare shi har ƙarshe. Ya rubuta wa kansa gaskiyar abin da ya iya da wanda bai iya ba, ya lissafa mafi munin abin da zai iya faruwa ya ga ko zai iya ɗauka. Ya yi istihara, ya sa ranar da zai rufe ƙofar shawara, ya nemi albarkar iyaye da tattausan harshe, sannan ya taka. Ya ce, "Yaya, har yanzu ba ka gaya mini wanne zan ɗauka ba." Na ce masa ba zan gaya masa ba, domin shi ne zai riƙa tashi da asuba yana zuwa wurin aikin, shi ne kuma za a tambaya a kansa ranar gobe. Jiya ya aiko mini cewa ya zaɓa, ya kuma gaya wa mahaifinsa, sun rabu lafiya.

Allah Ya buɗa wa duk mai nema ƙofar halal, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya tsare mu daga son zuciya da girman kai, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.